Ya Rubuta "Kyauta", Alhali 'Yanci Yake Nufi

Bana shekara ashirin da huɗu ke nan da muka kai Yaya Muntari makwancinsa a Bawku. Mutanen Zango sun fi saninsa da Ticha Muntari. Ɗan wan babana ne, gida ɗaya muka tashi a Salaga, kuma shi ya koya mini riƙe biro ina da mata da 'ya'ya biyu. Abin da mai karatu zai gani a wannan shafi da hannuna na rubuta shi, a kan teburin da nake yanka yadi, domin ni tela ne, sunana Tanko. Na daɗe ina jira ko wanda ya fi ni ilimi zai yi wannan rubutu. Ba wanda ya yi. Waɗanda suka san labarin suna ta raguwa, waɗanda suka rage kuma a karkace suka san shi.

Labarin kalma ɗaya ce da ya rubuta, da wata da ya goge don jin nauyi, da abin da muka rasa a tsakaninsu.

A shekarun 1980 aka tura shi koyarwa Yendi, ni ma na ɗauki keken ɗinkina na bi shi. Ina karanta Alƙur'ani, amma boko ko sunana ban iya ba. Da ya ga irinmu da yawa a Zango, sai ya buɗe ajin manya a wata rumfa bayan masallaci, daga la'asar zuwa magariba. Littattafan manya da suka zo garin na Dagbanci ne, an ce akwai na Gonjanci da na Kusasanci a wasu wurare. Mu da muke ciniki da faɗa da zawarci da Hausa ba mu samu namu ba. Don haka shi yake buga mana darasi da tafireta. Ita kuwa tafireta ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai ya bi kowace takarda da biro yana sa wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu.

Wata rana ya manta. Akwai Mma Azumi mai koko a ajinmu, ya so ya rubuta cewa ta yi baƙi, sai takarda ta fito da "Azumi ta yi baki". Ita ce kuma aka tayar ta karanta. Ta bi haruffan da yatsa har ƙarshe, ta ɗago kai.

"Ticha, ni ce na yi baki? A gaban mutane? To, gobe ka zo shan koko, za ka ga baki."

Muka yi dariya har liman ya leƙo. Yaya ya share hawayen dariya ya ce, "Kun gani ko? Ƙugiya ɗaya ce tsakanin mai karɓar baƙi da mai tsiwa." Tun ranar ya sa wa ransa sai ya samo injin da ya san Hausa.

A farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar agaji ta buɗe ofis a Yendi, suka ɗauke shi yana buga musu takardu ranar Asabar. A nan ya haɗu da kwamfuta. Wani ma'aikacinsu ya ba shi faifai ɗauke da abin da yanzu ake kira manhaja, ta shirya rubutu don bugawa. Wasu mutane ne a ƙasashen waje suka yi ta, suka sake ta ga duniya da sharaɗi. Ni ban gane ba, sai da ya zo shagona ya ɗauki takardar siminti da muke zana yanka a kanta.

Ya ce, "Tanko, in ka sayi riga ɗinkakkiya, sawa kawai za ka yi. In aka ba ka riga tare da takardar yankanta, kana iya ƙara mata hannu, ka buɗa wuya, ka yi wa ɗanka irinta. Mutanen nan riga suka bayar da takardar yanka. Sharaɗinsu guda ne. Duk wanda ka miƙa wa rigar, ko sayar masa ka yi ko ba shi ka yi, ko ka gyara ta ko ba ka gyara ba, sai ka haɗa masa da takardar yankan da wannan sharaɗi, don shi ma ya iya abin da ka iya."

Daga nan duk Asabar, in ya gama aikin ofis, sai ya zauna yana gyaran manhajar. Ya koya mata haruffanmu, ya sa ta buga manyan baƙaƙe don idon tsofaffi, ya sa ta raba kalma gaɓa-gaɓa. Ya raɗa mata suna Ƙugiya. Da ta kammala, ya ce dole sharaɗin ya kasance a shafin farko da Hausa, don kowa ya san haƙƙinsa. A nan aka samu matsala. Ya ce kalmar da masu manhajar suka yi amfani da ita a Turanci fuska biyu gare ta: tana nufin abin da ba a biya kuɗinsa ba, tana kuma nufin abin da ba a ɗaure ba. Su ta biyun suke nufi. Hausa tana da kalmar da ta dace sarai, ya kuma rubuta ta, ya zo aji ya karanta mana:

"Wannan aiki 'yantacce ne. Ba mai ikon sake ɗaure shi."

Ajin ya yi tsit. Wanda ya san Salaga ya san abin da aka sayar a kasuwarta zamanin kakanni. A Zangon Salaga da na Yendi, gidaje sun san wanda kakansa ya zo da ƙafarsa da wanda aka kawo, amma an yi auratayya an binne maganar. Kalmar nan ba a faɗinta sai in ana so a ci mutuncin wani. Wani dattijo da ke zama a gaba ya rufe takardarsa, ya sa takalmansa, ya fita bai yi sallama ba. Da aka tashi, Mma Azumi ta tsaya.

Ta ce, "Ticha, kai ɗan gida ne, ka san inda ke mana ciwo. Wa aka 'yanta a nan da za ka kawo mana wannan cikin aji? Nemi wata kalma."

Ya nema. Washegari layin ya koma "Wannan aiki kyauta ne ga kowa", sharaɗin kuma yana nan a ƙasa yadda yake. Yaya ya je har gida ya ba da haƙuri, dattijon ya dawo aji. Kowa ya yaba wa Ticha da sanin ya kamata.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a rayuwata. Faifan Ƙugiya ya je Salaga, ya je Bawku, ya je Garu. Duk inda malamin aji ya samu wanda zai ara masa kwamfuta, sai ya buga labaran mutanensa. Na Salaga suna karanta zancen doya da rijiyoyi, na Bawku zancen albasa da tsallaka iyaka a Kulungugu. Wani malami a Garu ya ƙara mata darasin lissafi ya aiko wa kowa. Mu a Yendi abin da muka faɗa a aji yau shi muke gani a takarda mako mai zuwa. Jimlar farko da na karanta ba taimakon kowa ita ce, "Tanko ya ɗinka wa liman riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo." Gaskiya ne kuwa, an yi haka. Na ji kunya, na kuma kai takardar gida na karanta wa matata har ta gaji.

Sai shekarar da rikici ya tashi a yankinmu, wadda ba na son tunawa. Ofishin ya rufe, suka tafi da kwamfutarsu. Mu ma muka kwashe iyali muka koma Bawku, inda dangin matar Yaya suke. Ya zo da faifansa a cikin gwangwanin madara, naɗe da tsumma, ba shi da injin da zai sa shi.

A Bawku akwai Alhaji Sule, abokinsa tun makaranta, mai shagon ɗab'i, yana buga katin aure da sanarwar sadaka. Yana da sabuwar kwamfuta. Yaya ya kai masa faifan da murna. Aka tarar tsohuwar Ƙugiya ba ta tafiya a sabon inji, sai Alhaji ya kawo wani masani daga Kumasi ya gyara ta, ya ma ƙara mata kyau. Ba mu ji komai ba sai da littafi ya fito kasuwa, da sunan shagon Alhaji a bango, ba shafin farko. Manhajar kuma an sa mata makulli, ba ta aiki sai a injinsa. A lokacin nan tsofaffin faya-fayan da ke hannun malamai sun fara mutuwa, zafi da laima sun cinye su, waɗanda suka rage kuma sababbin injuna ba sa karɓarsu. Malamin Garu ya zo neman gyararriyar, aka ce masa ga littafi nan ya saya. Ma'ana, duk ajin Hausa daga Salaga har Bawku ya koma hannun mutum ɗaya.

Yaya bai yi hayaniya ba. Ya sayi goro, ya ce in raka shi.

"Sule, na ga littafi. Ya yi kyau."

"Ai aikinka ne, Ticha, mu kwalliya kawai muka yi masa."

"To ina shafin farko?"

"Wane? Wancan wa'azin naka? Takarda tsada gare ta yanzu."

"Ka sayar da littafi, Allah ya sa albarka, ba wanda ya hana. Abu biyu nake roƙo. Ka mayar da shafin, ka kuma ba malaman aji takardar yankan, har da gyaran mutumin Kumasi."

Alhaji ya yi dariya ya juyo gare ni. "Tanko, kai ne tela. In ka ɗauko gwani daga Kumasi ya fitar maka da sabon yanka, kana bi layi kana raba wa teloli?"

Na ce ni rakiya na yi.

Ya ce, "Ticha, bar wannan. Zan riƙa ba ka kasonka."

"Ba nawa ba ne da zan sayar maka. Amana ce a hannuna, ta mutanen da ban taɓa gani ba."

"Mutanen da ba ka taɓa gani ba! To su zo Bawku mana, in ba su ruwa su sha."

Muka tashi ya rako mu har bakin titi yana tsokanar Yaya da cewa boko ya yi masa yawa. Bayan haka Yaya ya rubuta wa masu manhajar ta gidan waya, amsa ba ta zo ba, ban ma sani ba ko saƙon ya isa. Ya hau lori ya je wurin wani lauya a Bolga. Lauyan ya saurare shi, ya tambaye shi asarar me ya yi. Ya ce shi bai yi asarar komai ba, ajin ne ya yi. Lauyan ya ce bai taɓa jin ƙara irin wannan ba, ya koma gida a sasanta. Saura hanya ɗaya, wadda kowane ɗan Zango ya sani: dattawa.

Aka zauna da hantsi a zauren Malam Awudu, dattijon da unguwa ke kai wa rigima. Alhaji ya faɗi nasa, Yaya ya faɗi nasa, ya fito da tsohon shafin farko. Malam Awudu ya ce ya karanta layin sama.

"Wannan aiki kyauta ne ga kowa."

"Kai ka rubuta?"

"Ni ne, Malam."

"An tilasta ka?"

"A'a. Amma akwai sharaɗi a ƙasa."

Malam Awudu ya gyara zama. Ya ce, "Muntari, ɗana, mu a nan in mutum ya ce kyauta, ya saki ke nan. In ka ba ni riga kyauta, ba ka biyo ni gida ka ga ko na sa mata aljihu. Da aro ka ce, da mun ce ya mayar. Da wakafi ka ce, da mun ce ya cire makulli yau ɗin nan. Kai da bakinka ka ce kyauta, bin sawun kyauta kuwa abin kunya ne ga mutum irinka. In akwai wata kalma da kake nufi, faɗe ta mu ji."

Ina kusa da shi, na ga ya buɗe baki. Na san kalmar da ke kan harshensa. Da ya faɗe ta, da Malam Awudu ya gane nan take, don ba dattijon da bai san cewa wanda aka 'yanta yana iya yin ƙodago a biya shi, amma ba a sake ɗaure shi ba. Sai na ga idonsa yana bin fuskokin da ke zauren ɗaya bayan ɗaya. Ya san kakan kowa. Ya san na Alhaji Sule ma. Ya rufe bakinsa, ya naɗe takardar, ya ce, "Babu, Malam."

Dattawa suka shawarci Alhaji ya ba shi wani abu don zumunci. Yaya ya ƙi karɓa. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Ticha ya yi kyauta, ya ga an samu riba, hassada ta kama shi. Har yau akwai masu ba da labarin a haka.

Ba na zargin Malam Awudu, Allah ya ji ƙansa. Da Hausar da ya sani ya yi hukunci, kuma daidai ya fassara ta. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai duk shekarun nan. Ba wanda ya tashi daga zauren yana jin ya yi zalunci. Alhaji ya tafi yana ganin haƙƙinsa ya ci, dattawa suna ganin sun kare al'ada, Mma Azumi can a Yendi ta kare mutuncin maƙwabtanta. Kowa ya yi abin da aka koya masa, aikin kuma ya mutu.

A hankali ya mutu. Littafin Alhaji labarai ne ƙayyadaddu, an buga an gama. Babban mutum ba ya jure karanta jimla ɗaya wata da watanni, in ba sunansa ko na maƙwabcinsa a ciki. Malamai suka koma allo da alli, masu zuwa suka ragu. Ajin Garu ya fara rufewa, na Salaga ya bi, namu na Bawku ya ɗan ja. Da azuzuwa suka rufe, littafin ma ya daina tafiya, Alhaji ya tura ragowar ƙarƙashin tebur. Yaya ya sake komawa, ya ce tunda yanzu ba ya cin komai da ita, ya sake ta. Alhaji ya ce, "In na ba ka yanzu, ai na ce dattawa sun yi kuskure ke nan." Daga baya kwamfutar ta lalace, aka sayar wa masu sayen ƙarfe, da Ƙugiya a cikinta.

Kafin ƙarshen shekarun 1990 ciwo ya kwantar da Yaya. Ina zuwa in zauna da shi in karanta masa jarida, yana gyara mini. Bai taɓa zagin Alhaji a gabana ba. Sau ɗaya kawai ya tayar da maganar, yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "Tanko, da na bar tsohon nan na Yendi ya yi fushinsa. Da ya huce."

Kwanakin baya wani mutum daga Accra, mai aikin kwamfuta, ya kawo mini ɗinki. Ina gwada shi na ba shi labarin. Ya ce irin wannan sharaɗi yanzu duniya ta san shi, har wayar da ke aljihuna akwai irin wannan aiki a cikinta. Ya ce akwai mutanen da aikinsu ke nan, bin kamfanonin da suka karya sharaɗin. Da lallami suke farawa, su ce a mayar da shafin, a saki takardar yanka, ba kuɗi suke nema ba, sai in an ƙi ake zuwa kotu. Na ce masa ai haka Yaya ya yi, da goro ma. Na tambaye shi ko suna cin nasara. Ya ce wani lokaci, amma masu karyawar sun fi masu bin sawun yawa.

Na yi ta tunanin me Yaya zai ce da ya ji wannan. Ina jin zai yi murna da farko, a ce ashe ba hauka yake yi ba. Sannan zai tambaya ko a cikin mutanen nan akwai wanda ya san hanyar Garu. Zai karɓi waya a hannun jikokinsa ya ga haruffanmu suna ciki, ya ga kuma ba mai taɓa su, kowa yana rubuta baki a wurin baƙi ba mai dariya. Zai nemi ajin manya na Hausa a unguwarmu ya rasa. Matan da ke sayar da albasa a bakin shagona har yau sai sun miƙa wa wani wayarsu ya karanta musu saƙo, kamar yadda iyayensu suka yi kafin Yaya ya buɗe rumfarsa. Na je Salaga, na je Yendi, ina tambayar ko wani ya ajiye faifai. Guda ɗaya na samu, a gidan marigayiya Mma Azumi, an tokare ƙafar tebur da shi.

To me ya rage na Ticha Muntari? Manhajar ta tafi. Littafin ba sunansa. Azuzuwan sun zama shagunan cajin waya da na kayan miya. Saura mu da muka iya karatu a hannunsa, mu ma gashinmu ya yi fari, ba kuma wanda muka koya wa da Hausa, don ba mu da abin koyarwa. In na mutu, ƙugiyar da nake sa wa haruffa da biro za ta bi ni.

Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi masa addu'ar shekara a ƙofar gida. Alhaji Sule ya zo, an riƙo shi, yana dogara sanda, kunnensa ya yi nauyi. Da aka shafa, ya ɗaga murya yadda masu nauyin kunne ke yi, ya ce, "Allah ya ji ƙan Ticha. Mutum ne mai kyauta. Ban taɓa ganin mai kyauta irinsa ba." Jama'a suka amsa da amin. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na ga hawaye a idonsa.

Na matsa kusa da shi na ce, "Alhaji, aikin nan 'yantacce ne."

Waɗanda ke gefenmu suka yi tsit, irin tsit ɗin rumfar Yendi. Wani ya taɓa ni ya ce a hankali, "Haba Tanko, a wurin addu'a?" Alhaji ya kai hannu bayan kunne.

"Me ka ce, tela?"

Na dubi fuskokin mutane. Ni ma na san kakan kowa. Na ce, "Cewa na yi Allah ya ji ƙansa."

Ya ce, "Amin, amin."

Shi ya sa na dawo teburin yanka na rubuta kalmar a nan, inda ba fuskar da zan duba. Na san ta makara, ba abin da za ta kwance yanzu. Allah ya ji ƙan Yaya Muntari, ya haskaka kabarinsa.